Azumin da Na Kai Takardar Ilmi da Adabi

Jiya da hantsi na buɗe famfo zan wanke nama, sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Bai fi minti goma ba ruwan ya dawo, amma kafin ya dawo na riga na jera duk wani bokiti da tukunya da ke gidan, kamar an ce gobara ta tashi. Hafsa, autata, wadda bana ta fara cikakken azumi, ta tsaya a bakin kicin tana kallona.

"Umma, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara yi wa 'yar shekara tara bayanin azumin da aka yi tana goye a bayana?

Azumin bana, in ana maganar wahala, ai hutu ne. Da asuba har mayafi nake ja. Wancan kuwa a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin Makka da duwatsu ke haɗiyewa da rana su amayo shi bayan magariba. Muna zaune a Rusaifa, can sama inda kwalta ke ƙarewa a fara hawan matakala, a hawa na uku, ɗaki biyu da kicin. Bango in ka jingina da shi bayan azahar sai ka zabura. Ruwan tankin saman bene ba a alwala da shi kai tsaye, sai an tara tun da sassafe an ajiye a bayan ƙofa ya huce. Mukayyif ɗinmu, na'urar sanyin ɗaki ke nan, tsoho ne, ƙara yake yi kamar injin markaɗe, sanyinsa kuma bai wuce faɗin tabarma ɗaya ba.

Mu huɗu ne a gidan. Baban su direban bas ne, yana jigilar masu umra tsakanin Aziziyya da Harami, wani lokaci har Madina, don haka da azumi sai jefi-jefi muke ganinsa. Sai ni, ina shekara talatin da biyu, ina shayar da Hafsa. Sai babbar 'yata, wadda ta gama shekarar farko ta sanawiyya, wato sakandare. Tsakaninta da Hafsa shekara goma sha huɗu, Allah bai ba ni wasu a tsakani ba. Duk wani tsorona na duniya a kanta ya taru.

'Yar fari ce. Ni kuma mutuniyar Ɓagwai ce, a can na tashi, kuma yadda na ga uwata ta yi da yayanmu haka na yi. Ba na kiran sunanta. Ba na yabonta a gaban mutane, ba na zama da ita a yi hira ido cikin ido. "Ke," nake cewa, ko in yi magana da bango ita kuma ta ɗauka. Larabawan benenmu da sunanta suke kirana, ina amsawa, amma tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ina ganin yadda suke rungume 'ya'yansu a bakin makaranta suna sumbatar goshi, ni kuwa sai in karɓi jakarta in yi gaba.

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Alƙur'ani ina karantawa, alhamdu lillahi, don yana da wasali. Amma takardar ofis da ba ta da wasali, a idona jerin tururuwa ce. Abu ɗaya nake ganewa a takardar sakamakon yarinyar, shi ne lambar da ke can ƙasa. Ɗaya, ko a boko ko a Larabci, sanda ce a tsaye. Tun tana aji huɗu, daidai inda nawa ya tsaya, sandar nan take kawo min. Ba na cewa komai. Sai in kai takardar a manna mata leda, in soya waina in raba wa benen gaba ɗaya. A garin da wani lokaci mai kanti zai tsallake ki ya sallami ta bayanki, sandar nan ce nake ɗaga kai da ita.

Ana saura kwana uku azumi ta zo da wata takarda ta ajiye a kan firji. Ba ta ba ni a hannu ba, ni ma ban tambaya ba. Baban su ne ya karanta ya yi min bayani. A lokacin, in yarinya ta gama shekarar farko sai ta zaɓi ɓangare. Ko ilmi, inda ake kimiyya da lissafi, ko adabi, inda ake Larabci da addini da tarihi. Yanzu an ce an sauya tsarin, ban san yadda yake ba. Malaman ofis za su ci gaba da zuwa har goma ga azumi, ranar ce ƙarshen karɓar takarda. Ya sa hannu a tsaye, takalminsa ɗaya a ƙafa, ya bar sauran wuraren babu komai.

"Ku daidaita ke da 'yarki," ya ce. "Ni bas na sani."

Na naɗe takardar na sa a cikin jakar Alƙur'anina.

Ran biyu ga azumi aka ɗauke ruwa. Da ma akan ɗauke, kwana ɗaya, kwana biyu, tanki ya riƙe mu. Wannan karon tanki ya ƙare ruwa bai dawo ba. Mai benen ya je ya karɓi lamba a inda ake layin wayit, tankar da ke kawo ruwa, ya dawo ya ce layin ya yi tsawo, otal-otal na masu umra sun cinye motocin. Sai muka koma jarka. Bayan sallar asuba ni da yarinyar mu sauka matakala har gindin masallacin unguwa, mu cika jarka biyu-biyu mu hau. Kafin rana ta fito mun yi sawu uku. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwano, na kwano kuma a kai banɗaki. Wanka da moɗa uku. Zanen Hafsa kawai nake wankewa kullum, kayanmu suna tare a kusurwa suna tsami. Wajen azahar harshena ya zama kamar ƙirgi, nono ya ƙafe, Hafsa tana ja tana kuka. Malamai sun ce mai shayarwa tana iya ajiye azumi ta rama, na sani. Amma a Makka, da azumi, ina jin kiran sallar masallatai yana tasowa ta kowace kusurwa, sai na kasa.

Bayan azahar matan benen mukan taru a faffaɗan matakala na hawa na biyu, a bakin ƙofar Hala Rabi, wato inna Rabi a bakin mutanen nan, don nan ne iska ke ɗan ratsawa. Hala Rabi a Makka aka haife ta, 'yar ƙasa ce, kakanta ne ya zo daga Sakkwato a ƙafa. Ta ba sittin baya, gwiwarta ba ta son hawa, bakinta kuwa ba ya hutawa ko da azumi. Hausarta rabi Larabci ce. A nan muke naɗe sambusa, kowa ta kawo namanta da albasarta a yi aikin tare, don a kunna murhu ɗaya, a ɓata ruwan wanke kwano ɗaya. Ni nake dama kunun gyaɗa na benen, ita take haɗa shorba, romon da ake buɗa-baki da shi.

Ita na fara kai wa maganar. Ta duba takardar da nisa, ta nuna min da yatsa mai fulawa: akwatin dama ilmi, na hagu adabi.

"Ya Hajara, ki saurare ni," ta ce. "Ɗiyarki ba 'yar ƙasa ba ce. Namu ko da maki rabi da rabi, jami'a za ta san inda za ta cusa su. Ku masu iƙama kujerunku kaɗan ne, kuma daga can sama ake ɗiba. A adabi babu mai kamo ƙafarta, wallah. Nahawu, hadda, kamar ruwa take sha. Ilmi kuwa akwai lissafi, lissafinta kuma..." Ta karkata tafin hannunta dama da hagu.

"In ba ta samu kujerar ba fa?"

"Halas, shi ke nan. Sai Najeriya, ko ta zauna ta naɗe sambusa da mu."

Tun daga ranar barci ya ƙaurace min. Iƙama takardar izinin zaman baƙo ce da ke rataye a wuyan aikin uba. Yarinya ta girma, ba karatu, ba aiki, me zai riƙe ta a nan? Ita da ta zo Makka a goye, ba ta san Kano ba sai a waya. Na ga an raba ni da ita ƙiri-ƙiri saboda akwati ɗaya a takarda. Na yi istihara sau uku ina jiran a nuna min wani abu a mafarki. Abin da nake gani kawai ruwan dam ɗin garinmu, ina tsaye a baki, na kasa sunkuyawa in sha.

Ran biyar ga azumi muna zaune a matakalar, yarinyar tana yanka albasa. Sai ta ɓare wata fata siririya daga cikin albasar, mai kama da leda, ta ɗora a yatsa ta ɗaga wajen hasken taga.

"Hala, kin san wannan duk ɗakuna ne?"

"Wane irin ɗakuna, ya binti?"

"Ɗakuna a jere kamar ginin bulo, kowanne da bangonsa, kowanne da ɗan ɗigo a tsakiya. A ɗakin gwaji na makaranta akwai madubin da ke ƙara wa abu girma. Na sa ido na gani da kaina. Jikinmu ma haka yake. Jini ma haka."

"To a ba mu hayar ɗaya mana," in ji Hala, "mu huta da mai benen nan da ba ya iya kawo wayit."

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na lura da wani abu. Yarinyar nan da Larabci take yi wa Hala magana kullum. Ranar da Hausa ta yi, a hankali, tana laluben kalmomi. Ba Hala take gaya wa ba. Fuskarta duk gumi, leɓenta ya tsage, amma idonta yana ƙyalli irin wanda ban taɓa gani ba ko a ranar da ta kawo sanda.

Na dubi kwanon nama na ce, "A yanka albasar ƙanana, la'asar ta kusa."

Ta sauke hannunta. Ta goge fatar a gefen faranti.

Daga nan Hala ta zama 'yar aikenmu. Yarinyar ta sauka ta ce a gaya wa Umma ilmi take so. Ni in sauka in ce a gaya mata ta dubi gaba, ba abin da ido ke so ba. A ɗaki ɗaya muke kwana, jarka ɗaya muke kamawa mu hau da ita, amma maganar sai ta sauka hawa na biyu ta dawo.

"Ku kun ishe ni," in ji Hala ran bakwai. "Ke da ɗiyarki tsakaninku taku biyu, sai kun biyo ta kan tsohuwa mai ciwon gwiwa? Wace irin kunya ce wannan, ya shekha? Nan Makka ne. Ki kira ta ki zaunar da ita."

"Hala, ba a yi a wurinmu."

"Mu ma an yi irin wannan kunyar a wurinmu. Kakata ta mutu ba ta kira sunan babana ba. Shi kuma har ya tsufa yana tambaya ko tana son sa."

Na ce a raina ita ta daɗe a cikin Larabawa.

Ran tara da safe na yi sawu na huɗu ni kaɗai, don yarinyar ta ce za ta taya Hala shara. Na iso hawa na biyu numfashina yana sama-sama, na ajiye jarka in huta. Ƙofar a sakaye take. Na ji muryarta, da Larabci, irin wanda nake ganewa.

"Hala, ki ce mata ta zaɓi abin da take so, zan yi. Ni dai na sani, ba ni take kallo ba, takardar take kallo. Ran da na zo ta biyu ban san da me za ta gane ni ba."

Na ɗauki jarkata na hau ba tare da na yi sallama ba. Da ma in ce maganar ta tausasa min zuciya. Ba ta tausasa ba. Haushi na ji, da wani tsoro da ya fi na da. Ni da nake hana idona barci don kar a raba mu, ni ce ba na kallonta? Na ciro takardar daga jakar Alƙur'ani, na nemo biro, na ja layi a akwatin hagu har sau biyu, sai da ya kusa huda takardar. Adabi. Na ce gobe da kaina zan kai, in ta girma ta gode min.

Washegari na bar Hafsa a wurin Hala wajen ƙarfe goma. Ban gaya wa yarinyar inda za ni ba, amma ta ga na sa safa da abaya ta fita, ta ga ledar da ke hannuna. Na sa takardar a leda ne don kar gumi ya jiƙa ta. A bakin titi na tsaya neman tasi, duk wadda ta wuce cike take da masu harami a jiki. Na gaji na kama hanya a ƙafa. Tafiyar ba ta fi rabin awa ba a ranar da babu azumi. Kwalta tana kama takalmi. Iska in ta buso kamar an buɗe tandar mai burodin tamis. Baƙar abaya ta manne min a baya, idona yana ganin wasu ƙananan taurari. Sau biyu na tsaya a inuwar kantin da ke rufe ina karanta hasbunallahu, ina cewa a raina in na faɗi a nan wa zai san 'yar wace gida ce ni.

Makarantar babu ɗalibai. An kife kujeru a kan tebura, tsakar gidan sai ƙarar mukayyif daga ofis ɗaya. Matar mai gadi ta nuna min ƙofar murshida, malamar da ke ba ɗalibai shawara. Balarabiya ce mai tabarau, ita ma leɓenta a bushe, takardu sun taru a gabanta. Ta ce in zauna. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ta buɗe, ta juya bayanta, ta sake juyowa.

"Ba a rubuta suna ba. Sunan ɗalibar?"

Sai a lokacin na gane. Uban nata, sa hannu kawai ya yi. Yarinyar kuma tun da ta ajiye takardar a kan firji ba ta sake taɓa ta ba.

Na ce da guntun Larabcina, "Ita ce ta ɗaya."

"Ta ɗaya a wane aji?"

"Shekarar farko."

"Shekarar farko aji uku gare mu. Ta ɗaya muna da su uku. Wacce?"

"Doguwa ce. Baƙa."

Ta cire tabarau ta dube ni. "To sunan mahaifinta?"

Shi ma ai ba na faɗa. Miji ne. Na dubi sa hannun nasa ko zai cece ni, wani ƙudundunen zane ne kamar an taka igiya. Gumi yana bin bayana duk da sanyin ofis.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "ba ke ce mahaifiyarta ba?"

"Ni ce."

"To sunanta."

Ta ɗora biro a kan layin tana jira. Na ji kamar uwata tana tsaye a bayana, da kakata, da duk matan gidanmu na Ɓagwai. Shekara goma sha biyar sunan nan yana cikin ƙirjina, da shi nake addu'a a sujada a ɓoye, amma ban san yadda yake fita ta bakina ba.

"Nusaiba," na ce. Muryar kamar ba tawa ba.

Fuskar matar ta saki gaba ɗaya. "Nusaiba mai albasa! Ai sai ki ce haka tun farko." Ta yi dariya tana rubutawa. Ta ce yarinyar nan ta addabi malamar ɗakin gwaji. Yau ta zo da ruwan tanki a 'yar kwalba, gobe fiffiken ƙuda a kwalin ashana, jibi gashin kanta, tana roƙo a bar ta ta duba ko na minti biyar ne a lokacin tara. Ta ce har makulli malamar ta fara ɓoyewa.

Ban san ko ɗaya daga ciki ba. Na tuna kwalbar turarena da ta ɓace, na yi ta faɗa da bango kwana biyu.

Sai biron matar ya tsaya. Ta kai ido kan akwatin hagu.

"Adabi? Ita ta zaɓa?"

Da ba azumi nake ba, ban san abin da zan ce ba, Allah Ya yafe min. Amma da azumi a bakina, goma ga wata, a garin Makka, na kasa.

"Ni na zaɓa."

"Mahaifinta fa?"

"Ya bar mana."

Ba ta yi min wa'azi ba. Ta jawo wani babban littafi ta bi layi da yatsa. "Ba zan ɓoye miki ba. In ta shiga ilmi ba za ta zo ta ɗaya ba. Lissafinta tsaka-tsaki ne, kuma za a haɗa ta da na sauran azuzuwan. Adabi kuwa tana barci za ta cinye shi."

"In ba ta zo ta ɗaya ba, jami'a fa?"

"Allah ne masani. Amma zai yi wuya."

Wato abin da Hala ta faɗa gaskiya ne. Na so a ce ƙarya ne, in samu sauƙi ta wani gefen. Na zauna ina kallon akwatunan nan biyu. Tana barci za ta cinye shi. Shekara biyu tana barci, ni ina soya waina. Na tuna yatsan nan a ɗage wajen taga da idon da ke bayansa. Ga baƙuwa ta san 'yata da albasa, ni da na haife ta da lamba na zo nemanta, lambar ma ta mutum uku ce.

Na ce, "Ana iya gogewa?"

Ta ɗauko farin ruwan gyaran rubutu ta shafe layina, ta hura, ta ja sabon layi a dama. Ta ce tunda an yi gyara sai na sa hannu a gefe. Na ce ban iya ba. Ta turo min ɗan akwatin tawada, na dangwala babban yatsa. Ina fita na fara nadama. A hanya sau uku na tsaya zan koma in ce a mayar. Abin da ya hana ni, na san ƙafata ba za ta iya tafiyar sau biyu ba.

Na iso unguwa na tarar da wayit a gindin matakala, an ja tiyo har saman bene, ruwa yana tsiyaya a kan dutse yana tururi. Mata suna ta kiran juna ta taga. Ban tsaya wurin Hala ba, na wuce sama. Tana kicin ta juya min baya, tana yanka albasar sambusa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Da na so, da na sauka na ba Hala saƙo. Matakala goma sha biyu ce kawai.

"Nusaiba."

Wuƙar ta tsaya. Ta juyo, amma ba ni ta kalla ba. Bayana ta leƙa, tana neman wadda ta shigo tare da ni. Da ta ga babu kowa sai ta dawo da ido kaina.

"Ilmi aka rubuta," na ce. Na ji ba zan iya tsayawa a cikin kallon nan ba, sai na ƙara da cewa, "Kuma a gaya wa Hala ta rage gishiri a shorbar yau."

Ba ta yi tsalle ba, ba ta rungume ni ba, ita ma 'yar gidan ce. Hawayen da ke fuskarta ana iya cewa na albasa ne. Ta dubi yatsana mai shuɗin tawada, ta ɗebo ruwa a moɗa za ta wanke min. Na ce ta bari, kar ta ɓata ruwa, ko da yake ina jin tanki yana cika a samanmu. Kwana uku tawadar tana nan.

Shekarar da ta biyo baya ta zo ta bakwai. Na karɓi takardar na ga wata lamba mai baki biyu a inda sanda take tsayawa, sai da na tambaya. Na soya waina duk da haka, amma ba zan ce hannuna bai yi nauyi ba. Daga baya ta zo ta biyar, ta gama a ta shida. Kujerar jami'ar ba ta samu ba. Abin da na ji tsoro shi ne ya faru, babu ragi. Muka raka ta Jidda da akwati biyu, ta tafi Kano wurin yayana. Shekara guda ta ɓata tana koyon Turanci da sake jarrabawa, tana kuka a waya cewa ana yi wa Hausarta dariya. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a can, tana sa ido a madubin nan daga safe har yamma. In za ta zo garin da ta yi rarrafe a cikinsa, da bizar umra take zuwa, ta yi kwanakinta ta koma.

Hala Rabi har yau in mun zauna naɗin sambusa takan ce, "Da kin ji tawa, da yanzu ɗiyarki tana nan gefenki tana koyar da nahawu." Wata rana kuma ta ce, "Ke dai kin yi abin da kakata ta kasa." Ban san wacce daga ciki take nufi da gaske ba. Ni ma ban san wacce na yarda da ita ba. Uwata kuwa da ta ji ina kiran sunan a waya, cewa ta yi Makka ta cinye min kunya.

Nan muna riga Kano shan ruwa da wajen awa biyu. In an kira magariba nakan ci dabino in kurɓi ruwa don sunna, in yi salla, in zuba wa baban su da Hafsa. Nawa kwanon sai in rufe. Sun daina tambayata dalili. Jiya ma haka na zauna, bokitan da na tara da safe suna jere a kicin cike da ruwan da babu mai bukata, ina kallon waya, ina lissafin ko ta tashi daga aiki, ko ta samu mota, ko akwai ruwa a unguwarsu. Da ta yi ƙara na ɗauka tun kafin ta yi ta biyu.

"Nusaiba, kin sha ruwa?"

"Yanzun nan, Umma. Ke fa, kin ci abinci?"

Na jawo kwanon na buɗe. Sambusar ta huce.

"Ga shi ina ci," na ce.